Sharhi kan Football Manager 2024: wasan da ke nuna yadda ake tsara gasannin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa

Football Manager 2024 wasan kwamfuta ne da kamfanin Sports Interactive na Landan ya ƙirƙira, kamfanin Sega kuma ya fitar da shi kasuwa a watan Nuwamban 2023. Asalinsa ya koma shekarar 1992, lokacin da 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fitar da Championship Manager, kafin su rabu da kamfanin da ke buga musu shi su ci gaba da sabon suna a 2004. Mai wasa ba ya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya, domin kujerar koci ake ba shi, tare da kasafin kuɗi, da shugabannin da ke sa masa ido, da jadawalin kaka guda. Yawancin masu sharhi sun fi zurfafawa a kan dabarun fili da cinikin 'yan wasa, amma a ganina babbar darajar wannan haja tana cikin yadda ta kwafi dokokin gasannin ƙasashe sama da 50, ta kuma tilasta wa mai wasa ya yi aiki a ƙarƙashinsu. Wanda ya karanta doka yakan manta da ita, amma wanda dokar ta hana ƙungiyarsa hawa mataki bayan wasanni 46 ba zai ƙara tambayar ma'anarta ba.

Ingila ce aka fi ba kulawa, kuma daga nan ya fi dacewa sabon shiga ya fara. Wasan ya ba da damar jagorantar ƙungiya a matakai shida, tun daga gasar Firimiya mai ƙungiyoyi 20 da wasanni 38, zuwa Championship da League One da League Two masu ƙungiyoyi 24 kowacce, sannan National League da rassanta biyu na arewa da kudu, inda da yawa daga cikin 'yan wasa ke buga ƙwallo a matsayin sana'a ta biyu. Abin da mai kallon talabijin bai cika lura da shi ba shi ne ƙofofin da ke tsakanin waɗannan matakai ba faɗinsu ɗaya ba. Ƙungiyoyi uku ke faɗuwa daga Firimiya, uku su hau daga Championship, amma biyu ne kawai ke hawa kai tsaye, gurbi na uku kuwa, a tsarin kakar 2023/24, sai ta uku zuwa ta shida sun yi wasannin cike gurbi da ake ƙarewa a filin Wembley. Tsakanin League One da League Two ƙungiyoyi huɗu ke musayar wuri, alhali tsakanin League Two da National League biyu ne kacal, kuma ɗaya ce tak daga cikinsu ke hawa ba tare da cike gurbi ba. Duk wanda ya ɗauki ƙaramar ƙungiya a mataki na biyar zai gane da kansa dalilin da ya sa ƙungiyoyi masu tarihi ke daɗewa a can, kuma zai ƙara girmama abin da Luton Town ta yi, wadda ta fito daga wannan mataki a 2014 ta kai Firimiya a 2023 bayan ta doke Coventry City a bugun fenariti a Wembley.

Wasan ya yi kyau ƙwarai wajen nuna cewa wasannin cike gurbi ba adalci aka nufa da su ba, an yi su ne domin a hana kaka mutuwa tun kafin ƙarshenta. Ƙungiyar da ta ƙare ta uku tana iya ba ta shida tazarar maki mai yawa, amma ta rasa komai a wasanni biyu na gida da waje. A kujerar koci, wannan yana sauya lissafi tun daga watan Maris, domin dole mutum ya yanke shawarar ko zai matsa wa 'yan wasansa don neman matsayi na biyu, ko zai hutar da su ya jira cike gurbi da ƙafafu masu ƙarfi.

Daga nan sai ƙananan dokokin da ba a tuna da su sai ranar ƙarshe. Idan ƙungiyoyi biyu suka yi daidai a maki, Ingila da Jamus suna fara duba rarar ƙwallaye, wanda shi ne ya ba Manchester City kofin 2012 a kan Manchester United. Sifaniya kuwa tana fara duba sakamakon karawar da ƙungiyoyin biyu suka yi da juna, kuma da wannan doka Real Madrid ta lashe gasar 2007, ita da Barcelona kowacce na da maki 76, duk da cewa Barcelona ta fi ta rarar ƙwallaye. Kowace gasa a cikin wasan tana da shafin dokoki da ke zayyana wannan jeri dalla-dalla, kuma shi ne shafin da na fi ba kowa shawarar karantawa kafin ya karɓi aiki. A Jamus mai wasa zai tarar da ƙungiyoyi 18 da wasanni 34, da hutun hunturu, da karawar gida da waje tsakanin ta 16 a Bundesliga da ta uku a mataki na biyu. A Sifaniya zai tarar da ƙungiyoyin matasan manyan kulob suna fafatawa a cikin tsarin gasar ƙasa, da sharaɗin ba za su taɓa zama a mataki ɗaya da uwar ƙungiyarsu ba. Wannan tsari ne ya haifar da abin mamaki a 1980, lokacin da Castilla ta kai wasan ƙarshe na Copa del Rey ta haɗu da uwarta Real Madrid, ta sha kashi da ci 6 da 1.

Inda hajar ta fi burge ni shi ne ƙananan ƙasashe, waɗanda ƙarancin ƙungiyoyi ya sa suka ƙirƙiro dabarun tsawaita kaka. A Sikotilan ƙungiyoyi 12 suna karawa da juna sau uku, wasanni 33 ke nan, sannan a raba teburi gida biyu, shida na sama su ƙara wasanni biyar a tsakaninsu, shida na ƙasa ma haka. Bayan rabuwar babu mai tsallakawa, saboda haka ta bakwai tana iya ƙare kaka da makin da ya fi na ta shida, teburi kuma ya ci gaba da nuna ta a ƙasa. Beljiyam ta fi kowa tsanani a kakar 2023/24, inda ƙungiyoyi 16 suka buga wasanni 30, aka ɗauki shida na sama aka raba makinsu biyu, suka sake karawa gida da waje domin fitar da zakara. Union Saint-Gilloise ta ƙare zagayen farko a saman teburi a kakar 2021/22 da ta 2023/24, kuma duka biyun Club Brugge ce ta ɗauki kofi. Karanta wannan a jarida daban ne da ganin tazarar maki goma da mutum ya tara cikin wata takwas ta koma biyar a dare ɗaya, kuma a nan ne mai wasa ke fahimtar cewa an tsara gasar ne domin manyan ƙungiyoyi su yawaita haɗuwa, masu haƙƙin nuna wasanni su sami abin sayarwa.

Nahiyar Amurka wata duniya ce, kuma masu ƙirƙirar wasan ba su kauce wa wahalarta ba. A gasar MLS ta ƙasar Amurka da Kanada babu faɗuwa babu hawa, ƙungiyoyi 29 na kakar 2023 sun kasu shiyya biyu ta gabas da yamma, wadda ta fi tara maki tana karɓar garkuwa, amma kofin zakara sai wadda ta yi nasara a zagayen sili ɗaya ƙwale na ƙarshen shekara. Akwai iyakar albashin da ƙungiya za ta biya, akwai gurabe uku na fitattun 'yan wasa da aka yarda albashinsu ya zarce iyakar, dokar da aka kawo a 2007 lokacin zuwan David Beckham, akwai kuma zaɓen matasa daga jami'o'i inda ƙungiyoyin da suka fi rauni ke fara zaɓa. Duk waɗannan suna cikin wasan, har da musayar 'yan wasa da guraben baƙi tsakanin ƙungiyoyi, kuma gaskiya wannan sashe yana iya gundurar wanda ya saba da tsarin Turai kafin ya gane kansa. A Meziko ana fitar da zakara biyu a shekara ta hanyar gasar buɗe kaka (Apertura) da ta rufe kaka (Clausura), kowacce da nata zagayen ƙarshe. A Birazil ƙungiya tana fara shekara da gasar jiharta, kamar ta São Paulo ko ta Rio de Janeiro, kafin ta shiga gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 20 da huɗu ke faɗuwa, saboda haka yawan wasanni ya zama babban abokin gaban koci. Ajantina kuwa ta daɗe tana amfani da matsakaicin makin kakanni da dama wajen tantance masu faɗuwa, tsarin da ake zargin an yi shi ne domin kare manya, ko da yake bai hana River Plate faɗuwa a 2011 ba.

Dokokin rajistar 'yan wasa su ne ke kama sabon shiga ba shiri. A Firimiya ƙungiya tana rajistar mutum 25, waɗanda ba su tashi a makarantun ƙwallon Ingila ko Wales ba kada su wuce 17, 'yan ƙasa da shekara 21 kuma ba sa cikin lissafi. Tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kusan kowane baƙo yana buƙatar izinin aiki da ake bayarwa bisa maki, yayin da Sifaniya ta taƙaita 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba zuwa uku. Wasan yana gargaɗi kafin a kammala ciniki, amma ba ya hana mutum sayen ɗan wasan da ba zai iya yi wa rajista ba, kuma na ga dacewar hakan. Haka nan ƙungiyar da bashi ya durƙusar har aka naɗa mata masu kula da dukiya tana rasa maki, kamar yadda dokar ƙananan gasannin Ingila ta tanadi cire maki 12.

Dangantakar gasar ƙasa da kofuna da gasannin nahiya ita ma ta fito sarai. Kofin ƙalubale na Ingila, wanda aka fara a kakar 1871/72, yana shigo da manyan ƙungiyoyi ne a zagaye na uku, kuma ga ƙaramar ƙungiya wasa ɗaya a gidan babba yana iya gyara kasafin shekara. Yawan guraben da ƙasa ke samu a Gasar Zakarun Turai yana hawa ko sauka bisa ƙwazon ƙungiyoyinta na shekara biyar, saboda haka wanda ya daɗe yana jagorantar ƙungiya a ƙaramar ƙasa yana iya ganin nasarorinsa sun ƙara wa abokan hamayyarsa gurabe. Sabon tsarin ƙungiyoyi 36 na wannan gasa da hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta fara a kakar 2024/25 yana shigowa daga kaka ta biyu ta wasan.

Hajar tana da gazawa, kuma mafi girma ita ce dokokin gasa kusan a daskare suke. Sauye-sauyen da aka riga aka sanar kafin fitar da ita suna ciki, amma mutum zai iya buga kaka talatin ba tare da wata hukuma ta zauna ta rage yawan ƙungiyoyi ko ta soke kofi ba, alhali a zahiri Faransa ta soke kofinta na biyu a 2020 ta kuma rage Ligue 1 zuwa ƙungiyoyi 18 a 2023. Siyasar da ke haifar da dokokin, wato jayayyar manya da ƙanana kan rabon kuɗin talabijin da taƙaddamar hukumar ƙasa da kamfanin da ke tafiyar da gasa, ba ta da wani tasiri a zo a gani. Wanda ya koyi tsarin gasa daga nan zai san yadda yake, amma ba zai san wanda ya ci ribar kasancewarsa haka ba. Gazawa ta biyu ita ce rashin daidaito tsakanin nahiyoyi, domin an ƙara matakai uku na gasar Japan a wannan fitowa, amma a duk Afirka gasar Afirka ta Kudu ce kaɗai ake iya jagorantar ƙungiya a cikinta. Akwai manhajar gyara da masu sha'awa ke amfani da ita wajen ƙara ƙasashe da ƙananan matakai, sai dai ingancin aikinsu ya bambanta sosai. Matsalar lasisi kuma ta sa wasu sunaye sun sauya, inda Manchester United ke fitowa da sunan Man UFC, Real Betis kuma da Real Hispalis, abin da ba ya taɓa dokokin gasa amma yana rikitar da sabon shiga.

Ga mai son sanin tsarin gasa, nau'in kwamfuta ya fi dacewa, domin na wayar hannu, wanda aka fitar ta Netflix, an rage masa zurfi da yawan gasannin da ake buɗewa lokaci guda. Ko a kwamfutar ma, kowace gasa da aka ƙara tana rage saurin wasan, saboda haka ya fi kyau a buɗe ƙasa ɗaya da dukan matakanta, a ƙara manyan gasannin ƙasashe uku ko huɗu masu tsari mabambanci, sauran kuma a bar su a yanayin kallo kawai, wanda ke nuna teburi da sakamako ba tare da ya nauyaya wa na'ura ba.