Rabon furosesa a z/VM: abin da na gani tsakanin saitin hannu da na atomatik

A babbar kwamfuta mai ɗauke da sabobin Linux masu yawa a ƙarƙashin z/VM, tsarin IBM da ke raba inji ɗaya zuwa injunan kwaikwayo da ake kira baƙi, rigima ba ta tashi sai furosesa ta cika. Muddin akwai sarari, kowane baƙo yana ɗibar abin da yake buƙata, lambar SHARE ɗinsa, wato rabonsa na furosesa, tana kwance. Ranar da aiki ya yi cunkoso, ita ce ke yanke wanda zai wuce da wanda zai jira.

Na daɗe ina saita rabon nan da hannu kafin in miƙa wani ɓangare ga VMRM, manajan da ke gyara shi da kansa. Saitin hannu ba shi da wuyar fahimta. Rabon RELATIVE yana daga 1 zuwa 10000, wanda ba a saita masa komai ba yana kan 100, kuma lambar ba ta da ma'ana sai an gwada ta da ta sauran baƙin da ke neman aiki a lokacin. ABSOLUTE kuwa kaso ne cikin ɗari na ƙarfin injin. Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne, ana raba lambar tsakanin furosesocin da aka bai wa baƙon. Sabar da ke kan 100 mai furosesa huɗu, kowace 25 take samu, alhali maƙwabciyarta mai guda ɗaya tana riƙe da 100 cif. Sai ka ga an ƙara wa rumbun bayanai furosesa don ya yi sauri, ya koma ja da baya a lokacin cunkoso. Haka kuma umarnin SET SHARE yana aiki nan take, amma in ba a rubuta shi a darakta ba, wato kundin da ke riƙe da saitin kowane baƙo, baƙon na fita ya dawo an koma gidan jiya.

VMRM ya burge ni ta fuska ɗaya. Kana haɗa baƙi rukuni-rukuni, ka sa wa kowane rukuni burin sauri da matsayin muhimmanci, shi kuma ya riƙa duba yawan jiran da suke yi yana ɗaga lamba ko sauke ta. Ga sabobin manhaja da aikinsu ke hawa da sauka ba tare da sanarwa ba, musamman cikin dare, ya fi ni saurin lura, wannan babu musu. Ya rage mini tashin tsakar dare.

Amma abin da ka faɗa masa kaɗai ya sani. In kowane sashe ya dage cewa nasa aikin ne kan gaba, aka sa wa kowa buri mai tsawo a injin da ya riga ya cika, lambobi za su yi ta hawa tare. Kowa a kan 10000 daidai yake da kowa a kan 100. Abin da ya fi damuna ma shi ne bayani. In aka tambaye ni dalilin da ya sa lissafin ƙarshen wata ya makara, ina so in buɗe darakta in nuna rabon da na bayar da hujjata, ba in shiga tonon bayanan monita ina neman inda lambar take da ƙarfe biyun dare ba.

Yanzu haka na raba aikin. TCPIP, baƙon da ke kula da sadarwa, da sauran injunan hidima da hannu nake saita su, ba na bari a taɓa. Rumbunan bayanai ma haka, kuma ina ninka lambarsu da yawan furosesocinsu. Sabobin gwaji suna da LIMITSOFT, wato iyaka mai sassauci, su ci rarar da ta samu, su ja gefe in an matsu. LIMITHARD, iyakar da ba a ƙetarewa ko da akwai rara, sai inda yarjejeniya ta tilasta iyaka, domin ba na son ganin baƙo yana jira alhali IFL, furosesar da ke gudanar da Linux, na zaune. Sabobin manhaja na tsakiya su ne na bar wa VMRM, da buri mai sauƙin kaiwa, ina kuma duba jiran furosesarsu a Performance Toolkit, manhajar auna aikin z/VM, kowane mako kafin in taɓa burin.