Shafin C-SPAN ne ya raba mu gardama da ƙanena

Musu ne ya kai ni rumbun bidiyon C-SPAN, tashar talabijin ta Amurka mai nuna zaman majalisa da harkokin siyasa. Ƙanena ya turo min hoton wani ɗan takara tsaye a dandalin muhawara, gefensa ga teburin magana ba kowa a bayansa, ya rantse haɗi ne na kwamfuta. Na ce masa na tuna abin sarai, zaɓen sanata ne na jihar Jojiya a Amurka. Ya ce, "Yaya, a kawo shaida."

Sunan ɗan takarar, Jon Ossoff, kawai na rubuta a akwatin bincike, na ɗan gangara ƙasa, sai ga muhawarar ranar 6 ga Disamba, 2020. Sanata mai ci a lokacin, David Perdue, ya ƙi zuwa, masu shiryawa a Atlanta kuwa suka bar masa wurinsa fanko. Haka Ossoff ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyin 'yan jarida, lokaci-lokaci yana nuni da teburin nan. Na kalla har ƙarshe, shayina ya huce ban sani ba.

Abin da ya fi burge ni, ba mai sharhi. Ba wanda zai katse maka kallo ya faɗa maka wa ya yi nasara. An kafa tashar a 1979, rumbunta kuma ya koma baya har 1987, kuma ko sisi ban biya ba. Ƙasan bidiyon akwai rubutaccen abin da ake faɗa, ka taɓa layin da kake so ya kai ka daidai wurin. Ga mai irin kunnena, da Turancin Amurkawa ke wuce shi idan sun yi sauri, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Sai dai rashin mai sharhin nan yana da nasa nauyin. Idan ba ka san dokar Jojiya ba, ba za ka gane me ya kawo muhawara wata guda bayan zaɓe ba. A can sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'un jihar gaba ɗaya. A Nuwamba Perdue ne kan gaba da kashi 49.7, bai kai ba, aka tafi zagaye na biyu ranar 5 ga Janairu, 2021, Ossoff ya kayar da shi da ƙuri'a kusan dubu 55. Ranar ce kuma Raphael Warnock ya doke Kelly Loeffler a ɗayar kujerar sanatan jihar, majalisar dattawa ta koma 50 da 50 tsakanin jam'iyyun biyu, Kamala Harris, mataimakiyar shugaban ƙasa mai jiran gado a lokacin, ta zama mai raba gardama. Duk wannan sai ka zo da shi a kanka. Kuma bidiyon dogaye ne, gara ka samu Wi-Fi, datata ta ji jiki.

Na tura wa ƙanena. Ya yi shiru kusan awa guda, sannan ya rubuto: "To shi Perdue ɗin ina ya shiga a ranar?"