Goge ko kukuma: wanne za ka sa a haɗa maka?

Tun da na fara haɗa kayan kiɗa a ƙauyenmu kusa da Ringim, samari ke damuna da wannan tambaya.

Asalinsu ɗaya: ƙwarya, fatar guza, tsirkiyar gashin wutsiyar doki, sai ƙaro da ake shafa wa izga, wato abin da ake goga tsirkiyar da shi, don ta kama. Girma ne ya raba su. Goge yana son babbar ƙwarya mai kauri da fata mai faɗi, ita kuwa fatar guza yanzu sai ka bi maharba kana roƙo. Nan kuɗin yake tafiya. Kukuma ƙarama ce, guntuwar fata ta ishe ta, ka cusa ta a jaka ka hau babur.

Amma murya fa? Ta goge tana da kauri, tana cika dandali. Ta kukuma siririya ce, mai zaƙi. Da damina dukkansu fatar takan saki, sai an shanya a rana. Na taɓa kai nawa kusa da wuta, fatar ta tsage.

Akwai kuma dattawan da in suka ga goge sai su tuna bori.

Mai koyo da ƙaramin aljihu, kukuma ta fi masa. Wanda ake gayyata biki a fili, ya jure kuɗin goge.