Wili mai faɗi ya zauna a motata ba ya goga, amma ba don mai sayarwa ba

Tauraro uku cikin biyar na bayar a kan wilin da na saya, biyu na bakaniken da ya ɗaura min ne, ɗaya na wilin kansa. Mai sayarwa ko rabi bai ci ba. Na bari sai da raina ya ɗan huce kafin in rubuta wannan, sai dai yanzu da na zauna ina tunawa, abin yana dawo min sabo fil.

Motata da wili mai inci 16 ta fito daga kamfani, faɗinsa inci 6.5, ET45 (lambar da ke nuna yadda wili ke fitowa waje ko shigewa ciki), da taya 205/55 R16. Abin da na biya kuɗinsa shi ne na inci 17, faɗi 7.5, ET42, da niyyar sa masa taya 225/45 R17. Ba da ka na zaɓa ba. Tsayin tsohuwar tayar daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 632 ne, na sabuwar 634, bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka agogon gudu ba zai riƙa yi min ƙarya ba. Faɗin 7.5 kuma shi ne wanda ake auna taya 225/45 R17 a kansa a ƙa'idar ETRTO, ƙungiyar Turai mai tsara ma'aunin taya da wili, wadda ta yarda da inci 7 zuwa 8.5. Ramukan noti 5x114.3, wato biyar a da'ira mai faɗin milimita 114.3, daidai da na motar. Abin da ya rage shi ne lambar ET, kuma a kanta rigimar ta tashi.

Lambar nan tana nuna nisan da ke tsakanin tsakiyar wili da fuskar da ke mannewa jikin cibiyar mota, a milimita. In ta ragu, wili ya fito waje wajen leɓen madigadi. In ta ƙaru, ya shige ciki wajen shokazoba. Sabuwar tayar ta fi tsohuwar faɗi da milimita 20, wato goma ta ciki, goma ta waje. Saukowa daga 45 zuwa 42 zai tura komai waje da milimita uku. Ke nan tayar za ta fito da 13 ta waje, ta matso da 7 ta ciki. Wannan lissafin na tura wa mai sayarwa a rubuce kafin in biya, ya amsa min da cewa ET42 ɗin ne zai aiko, haka ma aka rubuta a rasit.

Da kayan suka iso na kai su gareji a cikin kwalayensu. Ni a tunanina aikin awa ɗaya ne: a sa taya, a yi balansin, a ɗaura. Bakaniken, mutum ne mai ɗan shekaru da ba ya yawan magana, ya buɗe kwali ɗaya ya fito da wilin, ko kallon fuskarsa mai ƙyalli bai yi ba, sai ya kifa shi a kan wani tsumma ya hau duba bayansa da fitilar waya. Can ya ɗago ya ce, “Maigida, nawa ka ce ka saya?” Na ce 42. Ya ce in zo in gani da idona. A bayan ɗaya daga cikin hannuwan wilin, a jikin ƙarfen, an zuba rubutu ɓaro-ɓaro: 17x7.5J ET35. Ya buɗe sauran ukun, duk haka. A jikin kwalin kuwa girman wili kawai aka rubuta da ramukan noti, babu lambar ET ko kaɗan.

Bai tsaya a rubutun ba. Ya ɗauko wani miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗora a kan bakin wilin ta baya, ya zura rula zuwa fuskar da ke zama a kan cibiya, ya samu milimita 143. Ya auna faɗin wilin gaba ɗaya daga baki zuwa baki, 216, rabinsa 108. Ya cire, 35 ya fito cif. Sannan ya koma wajen motar, wadda har lokacin tsofaffin tayoyinta ne a jiki, ya sa yaransa uku suka shiga kujerar baya, ya sa aka loda wilin nan a but don ta zauna ƙasa sosai, ya sako zare mai noti a ƙarshensa daga leɓen madigadin baya ya auna tazarar da ke tsakanin zaren da gefen taya. Kusan milimita 18 ya samu. Da ET42 tayar za ta ci 13, a bar biyar. Da ET35 za ta ci 20. Ya ce in mota babu kowa ba zan ji komai ba, amma ranar da na ɗauki iyali da kaya na hau tudun rage gudu, ƙarfen madigadi zai sauka a kafaɗar taya ya fara yankarta a hankali.

Bambancin duka milimita bakwai ne, kaurin fensir ke nan. Shi ne tsakanin tayar da za ta yi shekaru lafiya da wadda za a ga zare ya leƙo a gefenta. Abin da ya fi burge ni shi ne ya hana yaransa sa taya a kan wilin ko guda ɗaya. Ya ce da zarar inji ya taɓa bakin wili ya bar tabo, mai kaya zai ce an yi amfani da shi, ya ƙi karɓa. Da kansa ya mayar da su cikin ledojinsu, ya ce in ɗauki hoton rubutun kowanne tare da rasit. Bai karɓi ko sisi a kan wannan awon ba, alhali ya ɓata lokacin da zai yi wani aikin. Ban taɓa ganin mutumin ba kafin ranar, amma ya riƙe min amana kamar motarsa ce.

Sai kiran mai sayarwa. Amsarsa ta farko ita ce, “Ai duk ɗaya ne, yallaɓai, mutane da yawa sun sa a irin motarka ba su yi ƙorafi ba.” Na ce ban tambayi abin da mutane suka sa ba, abin da na biya nake nema. Sai ya sauya salo, wai ET35 ɗin ma ya fi kyau a ido, tayar tana cika madigadi, in ta ɗan goga akwai masu lanƙwasa leɓen ƙarfen ciki da na'ura, minti kaɗan an gama. Nan ne raina ya ɓaci sosai. A lanƙwasa jikin motata, fenti ya tsage, tsatsa ta samu ƙofa, don a rufe kuskuren wanda ya ɗauko kwalin da ba shi ba? Na san akwai masu yin hakan da ganganci saboda suna son taya ta fito waje, wannan zaɓinsu ne. Ni kuwa tun farko na zaɓi lambar da ba za ta buƙaci a taɓa komai ba. Ban da goga ma, wilin da ya fito waje da milimita goma daga inda kamfani ya tsara yana ƙara wa boris ɗin cibiya nauyi, yana kuma sauya yadda sitiyari ke amsawa in an taka birki a hanya mara kyau. Duk wannan bai dame shi ba.

An kai ruwa rana. Ya yi min kunnen uwar shegu na wani lokaci, saƙo yana shiga ana karantawa ba amsa. Sai da na tura hotunan da rasit na ce zan nemi a dawo min da kuɗina ta hanyar da na biya, sannan aka ce in mayar da kayan. Kuɗin mayarwar ma ni na biya, har yau ba a ce min uffan a kansa ba.

Na biyun da suka zo ET42 ne na gaskiya, kuma a nan dole in yaba wa wilin. Bakaniken ya fara ɗaura shi tsirara a gaba, ba taya, ya juya shi da hannu yana duba tazarar da ke tsakanin hannuwan wilin da gidan birki, don wani wilin lambobinsa duk daidai ne amma siffar hannuwansa ta sa ya taɓa birki. Wannan ya wuce da sarari. Bayan an sa taya ya sauke motar ƙasa, ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, yana zura hannu ta bayan taya yana laluben robar da ke cikin madigadi da jikin shokazoba da tiyon birki. Ya ce awon da aka yi mota tana kan jak ba awo ba ne, don a lokacin tayar a rataye take. Ya shafa alli a leɓen madigadin baya da wuraren da yake zargi a gaba, aka cika motar da mutane, muka zaga muka hau tudu a karkace, muka yi kwana mai tsanani gaba da baya. Da muka dawo allin yana nan yadda aka shafa shi, babu ko ɗigo a jikin taya. Balansin ma bai ci dalma da yawa ba, alamar an zuba wilin da kyau. A kan titi motar ta ƙara zama daram a kwana, sitiyari yana amsawa nan take, ba irin ɗan jinkirin nan na tsohuwar taya mai dogon gefe ba. A wannan ranar da tauraro biyar zan bayar ba tare da tunani ba.

Amma kafin a kai ga wannan zagayen sai da aka sake wani jira, kuma shi ne yake dawo min da haushin duk lokacin da na tuna. Ramin tsakiyar wilin milimita 73.1 ne, kamar yawancin wilin kasuwa da ake yi don ya shiga motoci iri-iri, cibiyar motata kuwa 60.1. Zobe ake sawa ya cike gibin. Tallar ta ce zobba da notoci suna cikin kuɗin. Zobban da suka zo 73.1 zuwa 64.1 ne, girman da ake samu a motocin Honda da yawa, a tawa sai lilo suke yi. Zoben nan ba shi ke ɗaukar nauyin mota ba, matsin notoci ke yin wannan, amma shi ke tsayar da wili a tsakiya lokacin ɗauri, kuma in ya kauce ko kaɗan sitiyari zai riƙa rawa a babban titi komai kyan balansin. Notoci kuwa babu su sam a kwalin. Na motata na asali masu shimfiɗaɗɗen gindi ne da washa, sabon wilin kuma ramukansa masu tsini ne na digiri 60. Bakaniken ya ce ko da wasa ba zai ɗaura da tsofaffin ba, don za su kama ne a bakin ramin kawai, su kwance a hanya. Wannan ba maganar kyau ko goga ba ce, maganar rai ce. Mutumin da ke sayar da wili ya san haka fiye da ni, kuma ya san motar da na gaya masa tun ranar farko. Sau biyu ke nan a ciniki ɗaya ana aiko min da abin da ba a duba ba. Daga wani wurin na sayo zobban da notocin da kuɗina.

Ɗaurin ma na ji daɗin yadda aka yi shi. Da hannu ya fara shigar da kowane noti yana ƙirga juyi, ya ce ƙusar M12x1.5, wadda noti ke shiga milimita 1.5 a kanta a kowane juyi, tana son aƙalla juyi takwas kafin ta kama, wato milimita 12, daidai kaurinta. Bai yi amfani da bindigar iska wajen ƙarasawa ba, sufana mai awo ya sa a kan ƙarfin ɗauri 103 Nm kamar yadda littafin motar ya ce, yana tsallake noti ɗaya zuwa na gabansa. Ya ce in dawo bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa, na koma, biyu sun ɗan ƙara karɓa.

Akwai abin da wili mai faɗi ke karɓa a wurinka ko da ya zauna lafiya. Gefen tayar ya ragu daga kusan milimita 113 zuwa 101, kuma jiki yana jin wannan ragin a kowane rami da kowane gaɓar kwalta. Ƙarar taya ta ƙaru a cikin mota. In hanya ta yi kwari inda manyan motoci ke bi, gaban motar yana son bin kwarin, sai ka riƙe sitiyari da kyau. Mai ma na lura yana ɗan saurin sauka fiye da da. Ni na karɓi wannan don na san da shi kafin in saya, sai dai mai yawan bin hanya mai ramuka ya yi tunani sosai kafin ya bar inci 16.

Tsofaffin notoci biyar suna nan a but cikin leda, kusa da jak, don wilin tayar ajiyata na asalin motar ne, da su yake ɗauruwa. Wannan ma bakaniken ne ya tuna min ina shirin tada mota. Tallar mai sayarwar kuwa na sake leƙawa kwanan nan: har yanzu tana cewa zobba da notoci suna ciki, kuma babu hoton bayan wilin ko ɗaya. Wanda zai saya a wurin irin waɗannan, ya ce a turo masa hoton rubutun da ke bayan duka huɗun kafin ya tura kuɗi.