Kayan ɗaure ciwon ƙafar doki: me za ka saya, me za ka bari a shago

Bara ana saura kwana 3 hawan sallah a Garwa dokin kawuna ya tsinke daga turke ya afka kan tsohon kwano, ƙwaurin baya ya tsage, jini na ta zuba. Muka buɗe akwatin magani, wallahi kwalaben shafe-shafe ne cike, shuɗi da ja, amma abin ɗaurewa ko ɗaya babu, ƙarshe rawanin kawu muka yaga. Shi yasa nake cewa in kuɗinka kaɗan ne fara da abin da zai danne ciwo, dan dannewa ke tsaida jini, ba fenti ba.

In ka shiga famasi ka ce a baka kompires, wato farin ƙyallen da ake ɗorawa kan ciwo, da auduga babban naɗi, sai bandeji. Bandejin iri biyu ne zaka gani. Akwai na yadi da suke kira Velpeau, yana da araha, ana wankewa a sake amfani, amma yana zamewa in dokin na buga ƙafa. Akwai kuma mai manne kansa irin Vetrap, ya fi riƙo nesa ba kusa ba, sai dai tsada, ba ko'ina ake samu ba, kuma in ka ja shi da ƙarfi ba auduga mai kauri a ƙasa to zaka matse agara ka jawo abin da yafi ciwon. Ni dai Velpeau 3 nake ajiyewa da mai mannewa 1. Audugar mata ko famfas na yara ma suna aiki sosai, kar kaji kunyar saya.

Ka danna kamar minti 10 ba ka ɗagawa kana leƙe, in jini ya ɓullo ƙara wani a kai, kar ka cire na farko. Doki mai kilo 400 yana da jini wajen lita 30, abin da ka gani a ƙasa yakan fi ba da tsoro. Amma in ja ne jawur yana tsartuwa, jijiya ce babba, danna ka kira likitan dabbobi nan take.

Na wanki kuma, bayan jini ya tsaya: Betadine mai ruwan ɗorawa, a surka da dafaffen ruwa har ya koma kalar shayi mara kauri, ko kuma ƙaramin cokali 2 na gishiri a lita 1. O oksijene kam, ruwan wanke ciwon nan mai yin kumfa, bana so, kumfan nan yana burge mutane amma yana kashe sabon nama. Feshin shuɗi na ƙurjewa ne, in ciwon na son ɗinki kar ka fesa, likita sai ya ga naman, kuma ɗinki yafi kamawa cikin awa 6 zuwa 8. Bakin mai da toka da kashin shanu dan Allah a bari, musamman ƙasan gwiwa inda nama ke saurin tsirowa ya hana fata haɗewa.

Sai allurar tetanos, doki na cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa. Wannan kar ka saya a kasuwa wajen mai tebur a rana, sai tana cikin firji, gara likitan ya taho da ita da kansa. Na kawu an yi masa a daren, hawan dai ya wuce shi, a barga ya yi sallah.