Masu ɗaukar hoto ku yi hattara da mai sayar da lens ɗin nan

N950,000 na tura wa mutumin nan a kan lens ɗin kyamara, Canon 24-70mm f/2.8L II, wai tokumbo ce daga Ingila ko ƙwarzane babu. N950,000 fa jama'a!

Kuma kar wani ya zo min da zancen wai garaje na yi. Sai da na sa ya kira ni ta bidiyo ya jujjuya ta a gabana, na ga jan zoben nan da Canon ke sa wa manyan lens ɗinta, ya ɗaura ta a kyamara ta kama fokas nan take, har yana ce min "Alhaji ai amana ce tsakaninmu, in ba ta yi maka ba ka dawo min da kayana". Wannan amana ce ɗin ita ke ta yi min yawo a ka wallahi. Wa zai ji haka ya ƙi tura kuɗi?

Mai gyara da ya duba cewa ya yi an taɓa buɗe ta, kan sukurorin duk a cinye, ga fumfuna a ciki kamar yanar gizo-gizo, kuma gilasai 18 ne a cikin lens ɗin nan, ɗaya ya ɗan goce daga tsakiya shikenan gefe guda na hoto ya tafi. Kafin nan ma na riga na yi aikin kamu da ita, a ɗan allon bayan kyamara komai ras, sai da na zuba a kwamfuta na ga duk ƙawayen amarya na ɓangaren hagu fuskarsu dishi-dishi. Kyamarar Canon 5DS R gare ni, megafiksel 50, ba ta rufa wa lens asiri ko kaɗan. Me zan ce wa uwar amarya? Af, tun ranar da na karɓo ta hannun direba a tasha ma lambar jikinta ba ita ce wadda ya nuna min a bidiyo ba, lafiyayya ya nuna ya aiko min da gawa.

Yanzu ya yi bulokin ɗina, layinsa a kashe. N950,000 ɗina. Wai amana.

Kar ku biya sai lens na hannunku. Ku haska fitilar waya ta bayanta ku leƙa, ku ɗauki hoton bangon bulo a f/2.8, wato lens a buɗe gaba ɗaya, ku zuƙo kusurwa huɗun a kwamfuta. Rasit ɗin tiransifa da hirarmu ta WhatsApp duk suna nan, anjima zan ɗora su in na dawo daga wajen 'yan sanda.