Wasiƙa zuwa Aboabo: dutsen da ake yanka da zarto

Maigida, ina gaishe ka gaisuwar yaro ga ubangidansa, da fatan kai da iyali da sauran maginan Aboabo da Asawase kuna lafiya. Ka nemi in yi maka bayanin kayan ginin da muke aiki da su a Malta, tsibirin da ke tekun Bahar Rum, domin ka ji an ce a nan da zarto ake yanka dutse, ka kuma ɗauki zancen a matsayin ƙarin gishiri irin na 'yan ci-rani. To, maganar gaskiya ce. Sababbin benaye da bulo da kankare ake tayar da su kamar yadda muke yi a Kumasi, amma tsofaffin gidaje da ganuwar birnin Valletta, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 1566, da wani dutse mai launin zuma aka gina su, wanda mutanen ƙasar suke kira franka.

A ramukan da ke wajen ƙauyukan Mqabba da Siggiewi ake yanko shi, inji yana tsaga shi layi-layi kamar ana yanka sabulu, sai a loda a mota kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Ranar da na fara riƙe shi, na sa farce na karce shi sai ga gari a yatsana. Na tuna da dutsen da ake fasawa a gefen Kumasi domin tsakuwa, wanda sai an sa masa nakiya, na ce a raina wannan ba zai kai damina biyu ba. Ashe idan ya sha iska fuskarsa takan yi tauri. Ya fi bulonmu nauyi, kuma ƙurarsa tana cika hanci da ido, amma idan magini ya iya jera shi, bango ba ya bukatar filasta ko fenti.

Dalilin laushinsa na gano shi ne a gidan adana kayan tarihin halittu da ke Mdina. Tsibirin gaba ɗaya tsohon ƙasan teku ne da ya taso sama, kuma duwatsunsa hawa biyar ne, wani a kan wani. Mafi yawansu sun taru ne a zamanin da masana ke kira Miyosin, wanda ya fara kimanin shekaru miliyan 23 da suka wuce, ya ƙare wajen miliyan 5.3. Franka kuwa ɓawon wasu ƙananan halittu ne da ke yawo a saman ruwa, waɗanda ba su fi ƙwayar yashi ba, suna mutuwa suna zuba ƙasa har suka zama tudu. A samansa akwai shuɗin yumɓu, wanda ya fara kwanciya kimanin shekaru miliyan 13.8 da suka wuce, lokacin da laka ta yawaita a ruwan, sannan siririn hawa na yashi mai kore-kore, sai kuma dutse mai tauri na can sama, wanda ya samu a ruwa marar zurfi inda murjani da gansakukar teku suke yaɗuwa. Dutsen ƙasarmu ta Asante kuwa ya haura shekaru biliyan 2, zafi da matsi sun gasa shi, shi ya sa yake ba da zinariya a Obuasi amma ba ya yankuwa. Wanda ya fi kama da na nan a ƙasashenmu shi ne farin dutsen Kalambaina a Sakkwato, da ake yin siminti da shi, shi ma ragowar teku ne, sai dai ya girmi na Malta.

Ba sai an je gidan tarihi ake ganin shaidar ba. Wata rana ina daidaita kusurwar taga, sai zarto ya buɗe mini wata halitta mai kama da bushiya, zagayayya kamar ƙaramar waina, da zanen tauraro a bayanta. Akan kuma samu haƙoran wani ƙaton kifin shak, wasu sun kusa cika tafin hannu. Mutanen da suna kiransu ilsien San Pawl, wato harshen Bulus, kuma wanda ya yi makarantar allo zai ji kalmar lisan a ciki, domin yarensu daga Larabci ya samo asali. A 1667 wani masani ɗan Denmak mai suna Steno ya nuna cewa haƙoran kifi ne.

A nan ne na yi kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. An ba ni gyaran wani tsohon bango, na kwaɓa siminti mai ƙarfi kamar yadda ka koya mini, na cike tsagogin tsaf ina jiran yabo. Da shugaban aikin ya zo, sai ya sa na kankare shi duka, na yini biyu ina yi. Bayaninsa shi ne, franka yana shan ruwa yana fitarwa, siminti kuwa yana toshe masa hanya, sai danshi da gishirin teku su taru a cikin dutsen su cinye shi har ya yi ramuka kamar saƙar zuma. Da farar ƙasa ake haɗa irin wannan gini. Saboda haka ba na ba ka shawarar ka yi sha'awar shigo da shi gida, domin ruwan sama irin na Kumasi ya fi ƙarfinsa, ga kuma kuɗin jirgi.

Inda muka fi su nesa ba kusa ba shi ne ruwa. Malta ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara, saboda dutsen yana tsotse ruwan sama kamar soso. Shuɗin yumɓun nan shi kaɗai ke tare shi a tuddai, daga gefensa 'yan maɓuɓɓuga suke fitowa. Sauran ruwan yana can ƙasa yana iyo a kan ruwan gishiri, idan aka ja da yawa sai gishirin ya biyo. Don haka suke tace ruwan teku da injuna a Pembroke da Cirkewwa da Ghar Lapsi, su gauraya da na ƙasa. Famfo ba ya ɗaukewa kamar yadda namu na madatsun ruwan Barekese da Owabi yake yi, wannan kam dole a yaba musu, amma ruwan yana da nauyi a baki, kuma mu da muka saba da fiya wata sai mun sayi na roba muke sha. Tsofaffin gidajensu kowanne da rijiyar tara ruwan sama a ƙarƙashinsa, an fafe ta a cikin dutsen da aka gina gidan da shi. Wannan dabarar ita ce nake so mu gwada a filina na Asokore Mampong, ko da da bulo da siminti ne, kafin a zuba ɗakin farko. Ka auna mini abin da ramin zai ci, in aiko da kuɗin bayan Sallah.